Reshen da Aka Sara Don Kabarin Yaya Sa'idu

A daminar bana yayana Malam Sa'idu ya cika shekara takwas da rasuwa. Kafin in ci gaba ya kamata mai karatu ya sani cewa ban rubuta komai ba a lokacin da abubuwan nan suke faruwa, kuma wani sashe nasu ya faru ina jami'a a Sakkwato, sai na zo hutu nake tarar da labari. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani matarsa Ige ce ta gaya mini, wani kuma na ji shi sau da yawa har na kasa tuna ko ina wurin ko ba na nan. Mai yiwuwa in sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba, ko in kawo abin da ya faru da bazara cikin kaka. Wannan tsoron ne ya sa na yi ta ɗaga rubutun nan. Bana na ga in na ƙara jira, waɗanda za su iya yi mini gyara su ma za su ƙare.

Wanda ya san Tambuwal shekarun baya zai tuna Kurmin Marina, can wajen da ake barin gari a kama hanyar Kebbe. Ba wani daji ba ne, mai keke zai zagaye shi bai yi gumi ba. Amma a cikinsa akwai kukoki da kanya da marke da gawo, akwai kududdufin da balbela ke sauka a itatuwan bakinsa, akwai kuma tsofaffin ramukan rini da wurin ya ci sunansu, wasu har lokacin da shuɗin baba a bakinsu. A tsakiya wata tsamiya take, wadda ban taɓa ganin mai kaurinta ba, ko da yake na yarda idon ƙuruciya yana ƙara wa abu girma. Gari ya yi ta faɗaɗa har ya zagaye kurmin ta kowane gefe, gidaje da shaguna da injin niƙa, shi kuwa yana nan a tsakiyarsu, ba katanga, ba shinge, ba maigadi.

Tsoro ne ya tsare shi. Ana cewa wurin yana da masu shi, mutanen ɓoye, kuma a tsamiyar suke zaune. Ba wanda ya kafa dokar wurin, amma kowa ya san ta: ba a fita da itace daga kurmin, ko da ƙirare ne da iska ta karyo. Tsofaffin mata kaɗai ke shiga tsintar tsamiyar da ta zubo, su ma sai sun yi sallama a bakin hanya, wasu har su ajiye 'yar ƙwarya da nono a gindinta. Makiyayi zai wuce gawon kurmin da rani, shanunsa na kuka, ya tafi wani wuri ya saro musu ganye. Filin kansa na zuriyar marinan ne, waɗanda suka watse, wasu a Dogon Daji, wasu a Jabo. An gaya mini duk lokacin da aka zauna rabon gado a gidajensu, in an zo kan kurmin sai kowa ya ce ya bar wa 'yan'uwa.

Yaya Sa'idu malamin aikin gona ne a makarantar sakandare. Ya girme ni da nisa, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai ibada, mai saurin fushi da saurin hucewa, in ya ɗauki abu kuwa ba ya ajiyewa. Shi ya tara wasu malaman makaranta da wani tela da wani ma'aikacin asibiti da 'yan ɗalibai, suka kafa abin da suka kira Ƙungiyar Raya Kurmin Marina. Aikin sa kai ne, ba mai biyan kowa. Ranar Asabar da safe su fito da tsintsiya da manjagara da kwanduna, su kwashe ledojin da iska ke tarawa, su yashe ramukan rini, su share hanyoyi. Sun ɗauko wani tsohon marini daga Sanyinna ya nuna wa ɗalibai yadda ake haɗa baba da toka. Sun zuba bencina na siminti a inuwa. Na yi aikin tare da su lokutan hutu, kuma ina iya shaida cewa a shekarar farko wurin ya yi kyan da ban taɓa zato ba.

Sai dai bencinan sun zauna ba mai zama. Mutane su tsaya daga bakin titi suna kallon 'yan ƙungiya kamar masu wasa da maciji, iyaye kuma su hana 'ya'yansu zuwa. Abin ya dami Yaya ta fuska biyu. Ƙwaryar nonon nan da yake tararwa a gindin tsamiya tana ɓata masa rai ƙwarai, don a wurinsa wannan taɓa imani ne. Sannan yana ganin tsoron ba mai ɗorewa ba ne. Na sha jin yana cewa, "Ɗiyan yanzu ba su tsoron komi. Ran da tsofaffin ga sunka ƙare, wa za shi hana su? Gara mu sa su so wurin tun yanzu." Har yau ban iya cewa tunanin nan kuskure ne ba. Mai yiwuwa da an bar wurin yadda yake, 'yan shekaru kawai zai ƙara. Mai yiwuwa kuma da yana nan har yanzu. Ban sani ba.

Don haka ya shirya abin da garin ya daɗe yana kira shayin Malam Sa'idu. Ya zaɓi ranar kasuwa, ya zaɓi rana tsaka, lokacin da ko babban mutum ba ya bi ta gindin tsamiya. Ya sa ɗalibai suka baza labari. Jama'a suka taru, mafi yawa daga nesa. A gaban kowa ya tattaro busassun rassan tsamiyar, ya kakkarya su a gwiwarsa, ya jera duwatsu, ya ɗora buta. Da shayin ya tafasa ya yi bisimilla ya sha, ya ce duk mai so ya matso.

Cikin 'yan kaɗan ɗin da suka matso akwai Labbo, mai sayar da itace da gawayi a bakin kasuwa, mutum mai fara'a wanda ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba. Ya karɓi kofi ya riƙe, bai kai baki ba.

"Malam," ya ce, "in akwai wasiyya ka faɗe ta yanzu, ga shaidu sun taru."

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Wasiyyata ka sha shayin ga tun bai huce ba."

"Ni sai na ga ka miƙe da ƙafafunka tukuna."

Yaya ya miƙe, ya zagaya tsamiyar, ya dafa ta, ya dawo ya zauna. Labbo ya sha, ya ce sukari ya yi kaɗan. Na koma gida ranar ina alfahari da yayana.

Sai daga baya na lura garin ya zuba masa ido. Gaisuwar da ake yi masa ta canza. Mutum zai tare shi a ƙofar masallaci ya ce an tashi lafiya, ya amsa, ya sake cewa lafiya ƙalau dai ko, yana dubansa tun daga hula har takalmi. Damina ta wuce ko mura bai yi ba. Geronsa ya yi kyau. Ige ta haifi 'ya mace lafiyayya, aka sa mata Hauwa'u. Da kaka ta yi sai mata suka fara shiga kurmin da igiya suna ɗaure ƙirare. Yaya ya ji daɗi, ya ce ga shi mutane sun saki jiki. Da rani makiyaya suka hau gawo da adda. Bayansu masu neman itacen rumfa da na danga suka faɗa wa marke. 'Yan ƙungiya su hana wannan da safe, su tarar da wani da yamma. Yaran da aka so su saba da wurin kuwa sun zo, da danƙo a wuya, kuma kafin shekara ta zagayo balbela ta daina sauka.

A shekara ta biyu ko ta uku, ba ni da tabbas, magada suka tuna da gadonsu. Suka zo a kan babura da igiyar awo da turaku. Ƙungiya ba ta da hujjar tsayar da su. Filin ba nata ba ne, kuma lokacin da ba mai son sa, lokacin da ina jin ko kyauta aka roƙa za a bayar a yi godiya, bai zo wa kowa a rai ya roƙa ba. 'Yan ƙungiya suka kai kuka wurin dattawan unguwa. Ba na wurin, amma mutum biyu sun kawo mini amsar babban cikinsu iri ɗaya: "Malam, da can mun ce wurin ga da masu shi, ka ce babu kowa. Munka yarda da kai, kai ne mai ilimi. To, wuri babu kowa, ga ɗiyan masu shi na fili sun zo. Mi kaka so mu ce musu?"

Aka yanka fegi-fegi. Kukoki suka faɗi, aka cike kududdufi da shara da ƙasa. Masu fitowa ranar Asabar suka yi ta raguwa, wannan ya ce noma, wancan ya ce an sauya masa wurin aiki. Mande, sakataren ƙungiyar, ya sayi fegin da ramukan rini suke ciki, ya ce gara su kasance a hannun ɗan ƙungiya, shi zai kiyaye su. Ba na so in zalunce shi. Yana da iyali, gidan haya yake zaune, kuma ina jin lokacin da ya faɗi haka da gaske yake. Ramukan suna ƙarƙashin daɓen gidansa yanzu. An ce ɗaya shi aka mayar masai, amma wannan ji na yi, ban shiga na gani ba.

Tsamiya kaɗai ta rage. Fegin da take ciki bai sami mai saye ba, don tsoron bai mutu duka ba, ya ja da baya ne ya taru a gindinta. Daga nan Yaya ya mayar da wurin mazauninsa. In an tashi makaranta ya ci abinci, ya ɗauki kujera da rediyo ya je ya zauna har a kira magariba. Aka sa masa suna maigadin aljanu, har masu talla suna kiransa haka a kan idonsa. Labbo, wanda mafi yawan marken kurmin a hannunsa ya zama gawayi, yakan biyo ya yi sallama, ya buɗe hannuwa ya rungumi gindin tsamiyar kamar mai auna kauri. In Yaya ya ɗago kai sai ya ce, "Kada ka harare ni, Malam, gaishe ta nika yi."

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Asibiti suka ce ƙoda ce, kuma sun ce an makara. Gari ya ce wani abu dabam. Aka tuno shayin, aka ce masu wurin ba su mantuwa, jinkiri kawai suke yi. Ban taɓa ganin masu dubiya da yawa kamar na makonnin nan ba. Mutanen da ba su taɓa taka zaurenmu ba suka yi ta zuwa, su yi sannu, idonsu na kan ƙafafun. Da farko Yaya yakan fusata, ya kawo musu aya, ya ce su ji tsoron Allah.

Lokacin na gama jami'a ina gida ina jiran tafiya bautar ƙasa. Wata rana da hantsi ya kira ni da Ige, ya sa na turo ƙofa.

"Daga yau in sun ce tsamiya ta kama ni, ku ƙyale su," in ji shi. "Ni ma haka za ni riƙa cewa."

Ige ta ce, "Malam, da bakinka? Kai da ka hana ni ko turare in wuce da shi wurin?"

"Likita ya faɗa mini abin da ke gare ni, na kuma san Wanda ya ɗora mini shi. Ƙarya za ni yi, in nemi gafara. Ni na cire musu tsoron ga, ni za ni maida shi. In sun ga ta kashe mutum, wa za shi sa mata gatari?"

Na ce wataƙila akwai wata hanyar, wataƙila a sake zama da magadan. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai dai da wataƙila," ya ce. "Haka za ka shiga aljanna, kana tambaya ko nan ne."

Ya kuwa yi abin da ya ce. Duk wanda ya zo, ya yaye zanen ya nuna masa ƙafafun, ya ce ga abin da tsamiya ta yi masa, ya yi kuskure, a gaya wa kowa. Na ga yadda maganar take fita daga bakinsa da ƙyar, kuma in sun tafi yakan juya fuska bango yana istigfari. Kwanaki kaɗan abin ya yi kamar zai yi aiki. Mata suka daina bi ta gindin tsamiyar. Ƙwaryar nono ta dawo.

Sai ranar da Labbo ya zo dubiya, bayan la'asar, shi da wani abokinsa. Yaya yana kwance a zaure, ni ina zaune wajen kansa, Ige tana daga bakin ƙofar cikin gida. Yaya ya nuna masa ƙafafun ya ce, "Ka gani, Labbo. Ni ƙirare kawai na ƙona. Wanda duk ya sa mata gatari, nashi ya fi wanga." Labbo ya girgiza kai, ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo, kuma ban ga alamar wasa a fuskarsa ba. Yaya ya lumshe ido. Da suka miƙe suna neman takalmansu a bakin zaure, Labbo ya ce wa abokin nasa, da muryar da bai rage ta sosai ba, "To ai magana ta ƙare. Mutum guda sunka so, sun kau samu nasu. Ran da sunka ɗauke shi, sun tashi ke nan."

Kafin mako ya zagayo wannan ita ce fassarar gari duka. Masu wurin sun kama mai laifinsu, ba su da sauran nema a wurin kowa.

Ɗayan ɓangaren ya fi yi mini ciwo. Maganar ta kai masallaci. Abokansa na karatu da na ƙungiya, waɗanda ra'ayinsu ne kaɗai yake damunsa, suka ce Malam Sa'idu ya ɓata aƙidarsa a kan gargara. Masu sauƙin ciki suka ce ciwo ya taɓa masa hankali. Suka daina zuwa. Ɗaya ya zo, ya tsaya a kansa ya ce ya janye maganar a gaban shaidu ya sabunta shahada. Yaya ya yi shahada, amma ya ƙi janye maganar, don har lokacin yana fatan za ta yi amfani, ko kuma dai ba shi da wani abin da zai riƙe. Mun so mu faɗi gaskiya, ya hana mu. Ranar jana'iza sahu bai yi kauri ba. Lokacin noma ne, hadari kuma ya taso, don haka ba zan rantse cewa maganar ce ta hana mutane ba. Amma na san fuskokin da ban gani ba.

Ya rasu da safe. Ga wanda bai san al'adarmu ba, in an yi rasuwa maza sukan rabu, wasu su tafi gina kabari, wasu su tafi neman itacen da za a jera a kan ramin kafin a zuba ƙasa. Itacen kabari ba a hana shi. Ko gonar wa aka shiga, ko itacen wa aka sara, ba mai buɗe baki, don kowa ya san ranarsa na zuwa. Ba a kuma mayar da shi in an kawo.

Muna maƙabarta Labbo ya iso yana tura amalanke, jikinsa duk gumi. Itace ne ɗanye, an yanka shi daidai wa daida, da 'yan ƙananan ganyen nan maƙale a jiki, waɗanda ko makaho ya shafa ya san na tsamiya ne. Ya sauke a bakin kabari ya ce, "Sadaka ce. Babu wanda ya cancanci iccen ga kamar Malam, shi da yat tsare ta." Wasu suka ce Allah ya ba da lada. Na dubi kawunmu, ya sunkuyar da kai. Gawa tana ajiye, hadari yana matsowa. Da itacen nan aka rufe Yaya.

Gidanmu ba shi da nisa da tsamiyar. Ige ta gaya mini tana zaune cikin mata, ana yi wa mijinta wanka, ta ji saran gatari. Ta ce tun bugun farko ta san daga ina yake fitowa, kuma matan da ke kusa da ita su ma sun sani, sai suka ƙara ɗaga murya da salati.

Garin ya zuba wa Labbo ido kamar yadda ya zuba wa Yaya, sai dai wannan karon ba a jira damina ta wuce ba. Kafin a yi sadakar arba'in an kawo injin yankan itace. Ina wajen bautar ƙasa lokacin, aka gaya mini ta waya. An ce sai da aka yini ana yanka, an ce ƙarar faɗuwarta ta kai kasuwa. Fegin ya sami mai saye a cikin watan.

Yau in ka je wurin, gidaje ne a cunkushe, da wurin buga bulo, da shagon cajin waya. In an yi ruwa mai ƙarfi yakan shiga ɗakunan da aka gina a kan kududdufin, masu gidajen su fito da bokitai suna mamakin daga ina ruwan yake zuwa. Daidai inda tsamiyar take 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, a rana, sun kafa 'yar rumfar buhu. Sunan tashar Tsamiyar Malam Sa'idu. In ka hau babur daga kasuwa haka za ka ce a kai ka. Wani yanki na gindinta yana rumfar mahauta, a kansa ake sara ƙashi, an ce babu gungumen da ya kai shi ƙarfi. Ƙungiyar ma ba a rushe ta ba, tana nan a waya. Duk shekara irin wannan lokaci wani zai sa hoton Yaya, sauran su bi da Allah ya jiƙan jagora. Mande ne yakan fara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga wannan. Da zai ga dashen itatuwan da ake yi kowace damina a bakin titi, a ɗauki hoto, awaki su cinye kafin kaka. Da zai ji tsoffin abokansa suna kukan zafi suna cewa da can garin nan da inuwa. Ina jin zai fara da faɗa, don haka yake. Bayan faɗan ban san abin da zai ce ba. Ba na jin zai ce a mayar da ƙwaryar nono, don bai taɓa yarda da ita ba ko na rana ɗaya. Ni ma kada a fahimce ni cewa ina kiran mutane su koma camfi. Abin da kawai na gani shi ne, wurin yana da abu guda da ke tsare shi, aka cire, aka ce so zai maye gurbinsa, so ɗin kuwa bai zo ba.

Dalilin rubutun nan Hauwa'u ce. Ta girma yanzu, tana sakandare, kuma bara ta dawo gida ta tambayi uwarta ko gaskiya ne babanta ya mutu yana tsoron aljanu, don haka aka gaya mata a makaranta. Ina so a karanta a jarida, daga wanda yake cikin ɗakin: bai yarda da maganar nan ba ko kaɗan. Ƙarya ya yi da gangan, yana sane da nauyinta, yana neman gafara a kanta har numfashinsa ya ƙare. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, ba ni da ilimin yanke wannan, na bar wa malamai, na bar wa Allah. Ya ba da sunansa don ya sayi ran itaciya ɗaya, aka karɓi sunan, aka kuma sare itaciyar.

Labbo yana nan lafiya, ya sauke farali, yanzu yara ke yi masa tallan gawayi. Ba na jin yana ganin kansa mugu. In ya gan ni yakan riƙe hannuna ya tambayi marayu. Watan jiya muka haɗu a maƙabarta wajen wata jana'iza, ya ja ni gefe ya nuna mini kabarin Yaya. Na kusa da shi duk sun rufta, gara ta cinye itacensu, nasa kuwa yana nan a tashe yadda aka bar shi. "Ka gani?" in ji shi. "Shekara nawa, ko motsi. Icce mai kyau na zaɓa mai." Na duba, gaskiyarsa ce. Na tsaya ina tunanin cewa a duk Kurmin Marina, abin da ba a ƙona ba, ba a sayar ba, ba a sara nama a kansa ba, shi ne wannan da ke jere a kan yayana.

Kamar yadda na faɗa tun farko, ban amince da tunanina ɗari bisa ɗari ba. Akwai waɗanda suka sha shayin nan, akwai waɗanda suka zauna a taron dattawa, akwai waɗanda suka ga ranar da aka kawo inji. Duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, ko na ɗora wa wani abin da bai yi ba, ina roƙonsa ya aiko da gyara ta hannun wannan jarida, zan karɓa, in kuma nemi afuwa a fili in ta kama. Musamman ina neman abokin Labbo da suka zo dubiya tare, in yana raye, don shi ne yake fuskantar shimfiɗar Yaya lokacin da suke sa takalmi. Ni da Ige mun saɓa a kan abu ɗaya. Ita ta ce lokacin da Labbo ya yi maganar nan Yaya ya riga ya yi barci, bai ji ba. Ni kuwa ina ganin kamar na ga ya buɗe ido. In akwai wanda zai iya tabbatar mini cewa ni ne na yi kuskure, don Allah ya rubuto.